Zaɓen Tarantula da Gina Mata Gida Irin na Hamada

Tarantula wani babban gizo-gizo ne mai gashi a jiki da ƙafafu, wanda idan ya miƙe yakan cika tafin hannun babban mutum. Masana sun lissafa iri fiye da 1,000 a danginta, dangin da suke kira Theraphosidae, kuma ana samunta a yawancin ƙasashe masu ɗumi, daga nahiyar Amurka zuwa Afirka, Indiya, har Ostareliya. Mafi girma a cikinsu tana dazuzzukan arewacin Amurka ta Kudu. Faɗin ƙafafunta yakan kusa santimita 30, nauyinta ya kai giram 170. Sunan kuwa na aro ne. Daga garin Taranto na kudancin Italiya ya fito, inda ake kiran wani gizo-gizo na daban da shi. Da Turawa suka ƙetare teku suka tarar da waɗannan manya, sai suka liƙa musu sunan, ya bi su har yau.

A Turai da Amurka akwai dubban mutane da ke kiwonta a ɗaki, yadda ake ajiye kanari ko aku ko tattabaru a ƙasar Hausa. Bahaushe zai riƙe baki. Gizo a wajensa mijin Ƙoƙi ne, sarkin wayo a tatsuniya. Na zahiri kuma tsintsiya ake bin sa da ita a kusurwar ɗaki, ga tautau da ake ɗora wa laifin ƙurajen da suka feso wa mutum cikin dare. Sai dai ajiye abin da jama'a ke gudu ba baƙon abu ba ne a ƙasar da ta saba ganin gardawa da kura da macizai ranar kasuwa, da masu ɗora kunama a harshe. Inda aka bambanta, mai tarantula ba ya wasa da ita. Kallo ne nasa. Burinsa ya gina mata ɗan wuri cikin akwatin gilashi ko na roba, mai kama da inda Allah ya ajiye ta, ya koma gefe ya ga yadda take rayuwa. Cikin irin waɗannan gidaje kuma, na hamada ne ya fi ɗaukar ido.

A nan kuskuren farko yake. Sabon shiga yakan zuba farin yashi, ya kafa tsiro mai ƙaya, ya jera duwatsu masu tsini, ya rataya ƙwan lantarki a sama don wurin ya yi zafi, ya ce ga hamada. Hoton ya fito, amma dabbar ba za ta daɗe ba. Tarantular hamada ba a doron ƙasa take zaune ba. A rami take, kuma ramin mafakarta ce daga hamadar kanta. Duk wanda ya taɓa tona ƙasa a jigawar Babura ta jihar Jigawa cikin watan Afrilu ya san wannan da hannunsa: rairayin sama yana toya tafin ƙafa, amma da an zura hannu zuwa gwiwar hannu sai a ji sanyi da ɗan danshi. Can gafiya da kurege da damo da kunama suke wuni. Haka tarantula. Takan haƙa rami mai zurfin santimita 30 ko fiye, ta shafe bangonsa da yana, da rana ta ja siririyar yana ta rufe ƙofa, sai dare ya yi ta zauna a bakin ramin tana jiran abin da zai gifta.

Halittar jikinta ce ta tilasta mata haka. Numfashi take yi da huhu huɗu da ke ƙarƙashin cikinta, kowanne falle-falle kamar shafukan littafi, kuma ta nan ruwan jikinta ke zurarewa idan iska ta bushe ƙwarai. Ƙafafunta ma da ruwan jiki suke aiki: tsoka ce ke lanƙwasa su, amma miƙe su sai ta tura jini cikinsu da ƙarfi, kamar yadda iska ke miƙar da tiyo. Shi ya sa wadda ƙishirwa ta ci ƙarfinta ake ganin ta naɗe ƙafafu ƙarƙashin jiki. Masu kiwo na tsoron wannan naɗewa, don sau da yawa ita ce sallama. Idanunta takwas ne, ƙanana, ba su wuce rarrabe haske da duhu ba. Da gashin ƙafa take jin motsin ƙasa da na iska. Ba ta saƙa tarko a sama kamar gizo-gizon zaure, kuma fiƙoƙinta biyu ƙasa suke sara, kamar saran gatari.

Wanda ya fahimci wannan ya san cewa zaɓen tarantula ya rataya ne a kan tambayoyi biyu: wane irin rami take so, kuma wane ɗaki za a ajiye ramin. Tambaya ta biyu ce ta fi nauyi a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Kusan duk littattafan kiwon nan a ƙasashen sanyi aka rubuta su, inda damuwar mai kiwo ita ce yadda zai ɗumama akwati. A arewa maso yammacin Jigawa lissafin a kife yake. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi waje. Tarantula ta fi sakewa tsakanin digiri 22 da 28. Idan aka daɗe sama da 32 takan galabaita, sama da 35 kuwa ana kusa da asara.

Wadda ta fi cancantar sunan 'yar hamada ita ce Aphonopelma chalcodes, daga hamadar Sonora da ta ratsa jihar Arizona ta Amurka da arewacin Meziko. Launinta na ƙasa-ƙasa ne, gadon bayanta da ƙafafunta kamar busasshiyar ciyawa, cikinta ya ɗan fi duhu. Ba ta da ado, kuma wannan ne ma kyanta a gidan da ake so ya yi kama da daji, don sai an zura ido ake rarrabe ta da ƙasa. Tana da sanyin hali, tafiyarta a hankali, girmanta kuma na tururuwa ne: namiji kan shekara takwas zuwa goma kafin ya balaga, sannan ya fito cikin ruwan bazarar ƙasarsu yana yawon neman mace, ya mutu bayan 'yan watanni. Macen tana haura shekara 20. Ƙasarta ta san zafi sama da digiri 40, ruwan da ke sauka a birnin Tucson a shekara bai wuce milimita 300 da 'yan kai ba, abin da Kazaure ke ninkawa. Idan za a ba sabon mai kiwo a wannan yanki shawara guda, ita ce wannan.

Ta biyu a suna ita ce mai jan gwiwa ta Meziko, dangin Brachypelma, baƙa mai ɗigon ruwan lemo a kowace gaɓa, wadda ake yawan gani a fina-finai. Ana sayar da ita a matsayin 'yar hamada, alhali asalinta busasshen daji ne na gaɓar tekun Fasifik, a jihohin Colima da Michoacán da Guerrero, inda ake yin rani mai tsawo bishiyoyi su zubar da ganye, sannan damina ta zo. Wato yanayin da ya fi kama da na duwatsun Kazaure da Roni. Ba ta da faɗa, tana zama a fili a gan ta, aibinta kawai saurin karkaɗe gashi.

Akwai 'yar Chile, Grammostola rosea, wadda shekaru da yawa ita ce farkon abin da kowa ke saye saboda arha da haƙuri. Tana son ƙasa busasshiya ƙwarai, amma ƙasarsu ba ta da zafi irin na nan, dare can sanyi ne, don haka bazarar Jigawa za ta fi wahalar da ita. Ga ta da azumin ganin dama: sai ta yi wata huɗu ko shida ba ta taɓa abinci ba, lafiyarta ƙalau, mai ita ne ke ramewa. Wadda ta fi su duka ado kuwa 'yar Benezuwela ce, daga busasshen tsibirin nan mai haɗe da ƙasa da ake kira Paraguaná: ƙafafu shuɗi, baya kore, ciki ruwan goro. Ba ta cika haƙa ba. Yana take shimfiɗawa a gindin ƙirare har ta rufe rabin akwati da farin labule. Tana da ci, tana jure fari, amma tana da firgita, da an buɗe murfi sai a ga wulgawarta.

Duk waɗannan huɗun 'yan nahiyar Amurka ne, kuma ba da ka aka jera su ba. Tarantulolin can makaminsu na farko gashin ciki ne. Idan an takura musu sai su sa ƙafar baya su kakkaɓe shi ya tashi a iska. Wanda ya taɓa shiga wurin sussukar gero ya san ƙaiƙayi; to wannan ya fi shi, don kowane silin gashi yana da ƙananan ƙugiyoyi. A fata ƙaiƙayi ne na kwana ɗaya ko biyu, a ido kuwa maganar asibiti ce, har takan kai ga likitan ido. Dafinsu dai bai cika wuce harbin zuma ko rina ba. Na Afirka da Asiya ba su da wannan gashi ko kaɗan, saboda haka abin da suka dogara da shi gudu ne da sara, dafinsu kuma yakan jawo zogi mai tsanani da murɗewar tsoka na kwanaki.

Wannan ne ya sa tunanin cewa ɗan Afirka ya fara da 'yar Afirka bai tsaya da ƙafarsa ba. Gaskiya ne akwai kyawawa na busassun wurare: mai ƙaho a gadon baya ta kudancin Afirka, da ja-ja ta gabashin Afirka mai suna Pterinochilus murinus, wadda ke miƙewa tsaye ta buɗe fiƙa ko inuwar hannu ta gani, da shuɗiyar tsibirin Sokotra na ƙasar Yaman, wadda ta yi fice da zama da 'ya'yanta a rami ɗaya har tana ciyar da su. Dukansu na gwanaye ne. Gida mai yara masu rarrafe, da ƙofar da ba ta rufuwa, ba wurinsu ba ne. Sanannun tarantulolin Afirka ta Yamma kuma ba ruwansu da hamada. Ta Togo da Gana a kogon bishiya take, wata a kan kwakwar manja, dafinta na cikin mafiya zafi, dangin Hysterocrates na Kamaru da Najeriya kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa suke so. A cikin dangin nan akwai wata ƙatuwa da aka kamo a wajen Jebba, bakin kogin Kwara, masani Reginald Pocock ya ba ta suna Hercules a wajajen 1900, tana nan ajiye a gidan adana halittu na Landan. Su kuwa manyan masu ƙafa takwas da ke tsere a tsakar gida da dare wajen fitila, masu launin yashi da manyan muƙamuƙai, wani dangi ne daban da ake kira Solifugae. Ba su da dafi, ba sa yana, kuma ba sa daɗewa a tsare. Masu idon da ke ƙyalli idan an haska tocila a gona su ma wasu ne, dangin ainihin gizo-gizon Taranto.

Bayan iri, sai jinsi da shekaru. Mace ake nema. Balagaggen namiji ya gama zamansa, ba ya ƙara saɓa, ba ya damuwa da abinci, zagaye akwati kawai yake yi yana neman hanyar fita. Ana gane shi da sirantar jiki da dogayen ƙafafu, da wasu ƙululu a kan gajerun hannuwan nan biyu na gefen baki, a yawancin iri kuma da ƙugiya a ƙarƙashin ƙafafun gaba. Jaririya ta fi arha, sai dai ba ta wuce ƙwayar wake ba, ba a san jinsinta ba, kuma ita ba ta jure bushewa ko da 'yar hamada ce; a ɗan ƙaramin gwangwanin roba mai danshi ake renonta. Matashiya mai faɗin santimita 5 zuwa 8, wadda aka tabbatar mace ce, ita ce tsaka-tsaki. Lafiyayya cikinta a cike yake, ba yamushewa, ƙafafunta a miƙe, bakinta babu farin abu mai yauƙi. Ɗan sanƙo a bayan ciki ba ciwo ba ne, gashin da ta kakkaɓe ne.

Sai tambayar inda ta fito, kuma a nan hukuma ta shigo. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya gano iri fiye da 1,200 na gizo-gizo da kunamu da danginsu a kasuwar duniya, kusan biyu cikin uku na waɗanda ake sayarwa kuma daga daji aka kamo su. Dabbar da ke shekara goma kafin ta haihu ba ta jure irin wannan ɗiba. Tun 1985 aka sa mai jan gwiwa cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda ke taƙaita cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, bayan shekara goma aka haɗa da danginta duka. A Nuwamban 2024 aka kama wani matafiyi a filin jirgin saman Lima na ƙasar Peru da tarantula 320 ɗaure a jikinsa cikin ƙananan ledoji. Najeriya ta shiga yarjejeniyar tun 1974, ta kafa dokar kare halittu masu fuskantar ƙarewa a 1985, aka gyara ta a 2016, hukumar NESREA ce ke bin diddiginta, shigo da halitta mai rai kuma sai da takardar hukumar killace dabbobi da tsirrai. Babura na bakin iyakar Nijar, kaya iri-iri na ratsawa, amma abin da ya zo a aljihu ba takarda, bayan haɗarin kamu, galibi na daji ne, a wahale, ba wanda ya san shekarunsa. Wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo ta fi lafiya, ta fi sabo da akwati.

Akwatin kansa ba ya son girma. Tsawonsa ya ninka faɗin ƙafafunta sau uku, faɗinsa sau biyu. Ga babbar mace santimita 40 da 30 ya wadatar. Tsayi ne abin tsoro. Tarantular ƙasa tana hawa gilashi, kuma cikinta kamar ɗanyen ƙwai yake: ta faɗo daga tsayin kamu biyu kan dutse sai ya fashe. Don haka ake cika akwatin da ƙasa har ratar da ta rage zuwa murfi kada ta wuce faɗin ƙafafunta da rabi. Wannan dalilin ne ma ya sa gwanaye ba sa ɗaukarta a hannu. Ba ta san mai ita ba, ba ta jin daɗin shafa, abin da kawai za ta samu a hannu shi ne faɗuwa. Murfi ya zama mai maƙalewa, don tana da ƙarfin ɗaga shi. A guji ragar waya irin ta taga, faratanta kan sarƙe a ciki ta yi lilo har ƙafa ta cire. A huda ƙananan ramuka a gefe biyu masu fuskantar juna da kuma sama, iska ta riƙa ratsawa.

Wajen ƙasa ne mutumin wannan yanki ya fi Bature sa'a, don abin da wancan ke saye a leda shi yana bayan gidansa. Yashi zalla ba ya riƙe rami, rubzawa yake. Laka zalla kuma idan ta bushe sai ta zama dutse, ta tsattsage. Maginin ƙasa ya san maganin tun kaka da kakanni: haɗi ake yi. Kashi uku na ƙasar jigawa mai ɗan ƙarfi, kashi ɗaya na yumɓu ko jar ƙasar gini, kashi ɗaya na yashi, a yayyafa ruwa a cakuɗa. Gwajinta a hannu yake. A dunƙula; idan ta riƙe siffar yatsu ba ta ɗiga ba, aka danna da babban yatsa kuma ta wargaje, ta yi. Kada a ɗebo daga gonar da aka zuba takin zamani ko aka yi feshin ciyawa, ko daga bola. A shanya ta a rana kwana biyu a kan buhu, ko a soya a tsohon kasko, don a kashe ƙwan tururuwa da ƙananan ƙwari, a kuma tabbatar ba a kwaso 'yar kunama ba. Sannan a zuba zurfin santimita 12 zuwa 15, a daddanna, a tudanta gefe ɗaya, a bar ta ta sha iska kwanaki kafin baƙuwa ta shiga. Saman ya bushe, ƙasan ya riƙe ɗan danshi, kamar dai jigawar Babura.

Maɓoya kuwa, ɓarin tsohuwar tukunyar ƙasa ya fi duk abin da ake sayarwa. A goge bakinsa a dutse ya daina kaifi, a kifa shi a binne rabi, a fara mata ramin da yatsa a ƙarƙashi. Sau da yawa da safe za a tarar ta karɓi aikin, tana fito da ƙasa dunƙule-dunƙule da bakinta tana tarawa a ƙofa. Duwatsun Kazaure da Roni suna da kyan launi, amma da yawansu suna da kaifi. A zaɓi masu sulɓi, kuma a dasa su a gindin akwati tun kafin a zuba ƙasa, don idan ta haƙa ƙarƙashinsu kada su danne ta. Busasshiyar ciyawa, ɓawon bishiya, guntun saiwar sabara ko kalgo da rana ta gasa, waɗannan sun isa ado. Tsiro mai ƙaya ya fita daga lissafi. Aguwa da tinya suna da kamar tsiron hamada, amma ƙaronsu mai guba ne, kuma duk tsiro mai rai rana yake so, ita kuwa duhu.

Ruwa dole ne. Ɗan murfin kwalba mai faɗi, marar zurfi, a cike kullum, ba auduga ba soso. Takan cika shi da ƙasa, a wanke a mayar, ta sake cikawa. Haka za a yi ta yi.

Sauran aikin bin yanayin shekara ne. Da bazara akwati ya koma ɗaki mafi sanyi a gidan, ɗakin ƙasa mai kaurin bango ko soro, a ƙasa-ƙasa kusa da randa, nesa da taga. Akwatin gilashin da rana ta faɗa wa kai tsaye tanda ne, kafin a idar da sallar azahar an gama. Dogaro da na'urar sanyaya ɗaki a inda wuta ke zuwa da tafiya ganganci ne. Dabarar da ta fi dacewa 'yar gida ce: tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin nan na kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana kayan miya, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. A ranakun da zafi ya kai intaha ana iya mayar da tarantula ƙaramin mazubin roba mai huji, a sa cikin irin wannan tukunya daga hantsi zuwa la'asar. Ma'aunin zafi na ɗaki, a ajiye shi daidai bakin ramin, shi zai faɗi lokacin. Da damina kuma matsalar laima ce: a daina jiƙa ƙasa, a kwashe ragowar abinci da wuri, a lura da fumfuna. Da hunturu iska kan bushe har leɓe ya tsage, dare ya sauko digiri 12 ko 13. Sanyin ba ya cutar da babba a cikin ɗaki, sai dai ta rage ci, wata ma ta toshe ƙofar raminta ta yi makonni ba a gan ta ba. Kada a tona. A riƙa tsiyaya ruwa kaɗan a kusurwa ɗaya duk mako biyu ya gangara ƙasa.

Abincinta mai rai ne: gyare, fara, kyankyaso, wanda bai fi girman cikinta ba, ɗaya ko biyu a mako ko ma mako biyu. Ba ta tauna. Sara take yi, ta zuba ruwan narkarwa, ta tsotse, ta bar ɗan dunƙulen ƙwanso a gefe. Abin da ba ta ci ba cikin kwana ɗaya a cire shi da dogon hantsaki. Haɗarin yana wajen samo abincin. Kyankyason bayan gida da farar gonar wake sun sha magani, kuma abin da ke kashe su yana kashe ta. Gara a yi kiwon gyare a bokiti mai murfi, da dusa da ɓawon kankana da kwalin ƙwai. Haka nan ɗakin da take ya yi sallama da fiya-fiya da maganin sauro na feshi da na kunnawa. Wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya sa mutum ya sake tunani a ƙasar da sauro ke da iko wata biyar a shekara. Gidan sauro ne mafita. Wanda ya tsare rai kuma ya ɗauki nauyin cinsa da shansa, hadisin matar da ta kulle kyanwa sananne ne, kuma a nan nauyin na shekara 20 ne ko fiye.

Maƙiyanta a gida ƙanana ne. Cinnaku da kwarkwasa suna iya gamawa da ita a dare ɗaya, don haka a sa ƙafafun teburin cikin gwangwanayen ruwa ko mai, yadda ake tsare zuma. Zanzaro, mai ɗaukar ƙananan gizo-gizo ya kai ɗakinsa na laka, yana da manyan 'yan uwa a Arizona da ke farautar tarantula kanta. Na nan dai barazana ne ga jariran tarantula kawai, kuma ƙananan huji sun hana shi shiga. Kaji da kyanwa da yara masu son buga gilashi, ƙofa ce maganinsu.

Abu na ƙarshe da ke ruɗa sabon mai kiwo shi ne saɓa. Tarantula ba ta da ƙashi a ciki, ɓawon jikinta ne ƙashinta, kuma ba ya girma, sai dai ta tuɓe shi. Ƙarama kan yi haka sau da yawa a shekara, babbar mace sau ɗaya, wani lokaci ma sai shekara biyu. Alamar saɓa ita ce ta daina ci, launinta ya dushe, sanƙon cikinta ya yi baƙi yana sheƙi. Sai wata rana ta shimfiɗa tabarmar yana, ta kwanta rigingine, ƙafafu sama. Da yawa an zubar da su a wannan hali ana zaton sun mutu, alhali mai mutuwa a kife take naɗewa. Ba a taɓa ta, ba a yayyafa mata ruwa, ba a barin gyare ko ɗaya a ciki, don a wannan lokacin gyare na iya cin ta. Cikin sa'o'i gadon bayan zai ɓalle kamar murfin kwalla, ta zaro ƙafafu takwas ɗaya bayan ɗaya, ta fito laushi tiɓis da sabon gashi, har ƙafar da ta taɓa gutsurewa ta fara dawowa. Fiƙoƙinta farare ne a ranar, su koma ja, sannan baƙi. Sai sun yi baƙi ake ba ta abinci, wajen kwana 7 zuwa 14 ga babba. Tsohuwar rigar kuma ba a yar da ita. A jiƙa ta da ruwa mai ɗan sabulu, a buɗe fatar cikin a hankali, a duba tsakanin huhun gaba guda biyu: idan akwai wani ɗan leɓe da ke ɗagawa, ma'ajiyar maniyyi ke nan, mace ce; idan wurin a shafe yake, namiji ne.